Jawabi Na Shida

Ranar Laraba da safe uwar yara ta gaya mini Abba ya sayo jaka. Tana zuba mini kunu ta faɗa, ko kai ba ta ɗago ba. Ta ce baƙa ce mai taya, tana jingine bayan ƙofar ɗakinsa, kuma Litinin mai zuwa zai hau motar Jalingo.

Na ce, "Da izinin wa?"

Ta ce, "Wanda ya yi wata uku yana nema a wurinka."

Na ture kofin kunun na tashi.

Sunana Jika. Shekara arba'in da ɗaya ke nan ina sayar da katako a kasuwar Katako, nan Jos, a rumfar da mahaifina ya bar mini. Abba ɗana ne na fari, shekararsa ashirin da tara. Sunan mahaifina na sa masa, Sharafaddeen, don haka bakina bai taɓa kiran sunan ba, Abba muke ce masa, mutanen kasuwa kuma Sharafa. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake bi na rumfa. Ko idonsa a rufe, in ya shinshina falanki zai gaya maka maɗaci ne ko malaina. Wata uku da suka wuce ya tsaya a gabana bayan mun rufe sito, ya ce, "Baba, ina so in bar rumfa in..." Na ce a'a. Ya sake zuwa bayan sati biyu, na ce a'a. Ya turo kawunsa, na ce wa kawun ya sha shayinsa ya gaida gida.

Yanzu ga jaka. Ba rumfar ce ta fi tsaya mini a rai ba. Na san halina, na kuma san nasa, don nawa ya ɗauko. In ya hau motar nan ban sa masa albarka ba, sai mu yi shekaru muna aika wa juna gaisuwa ta bakin uwarsa.

Ta sha faɗa mini cewa waya ce ta jawo. Wai kullum in ya dawo gida unguwar Gangare sai ya toshe kunnuwa ya zuba wa wasu mutane ido suna magana. Ba waƙa ba, ba ƙwallo ba, magana kawai. Wannan ya fi ba ni mamaki a kan haushi. Wane irin mutum ne zai tsaya cikin gilashin waya ya yi surutu, yaron da na raina da hannuna ya tashi ya sayo jaka? Na ce sai na gan shi da idona.

Kafin in wuce kasuwa na biya ta makarantar firamaren da ƙanwarsa Ummusalma take koyarwa. Ta fito da alli a hannu, a tsorace.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya. Waɗannan masu surutun da yayanki yake kallo, kin san su?"

Ta danne dariya da bakin mayafi. "Jawabai ne, Baba. Mutum zai tsaya gaban jama'a ya ba da labarin abin da rayuwa ta koya masa, a ɗauka a sa a intanet. Suna ƙarfafa gwiwa. Ni ma Yaya yana turo mini."

"Guda nawa ya turo miki?"

"Waɗanda ya ce lallai lallai in kalla, biyar ne."

Na miƙa mata wayata. "Zuba mini su a nan."

Ta zuba, ta nuna mini inda zan danna, ta kuma rubuta mini lambarsu da tsawon kowanne a bayan wata takardar jarrabawa. Ta ce, "Amma fa uku da Turanci ne."

Na ce, "Ina da Mwadkon."

Mwadkon mutumin Birom ne, mazaunin Gada Biyu, injinsa na yankan katako yana manne da rumfata. Shekara talatin ke nan ina sayarwa yana yankawa. Ya yi sakandare, yana jin Turancin littafi, ba irin nawa na ciniki ba. Yana ce mini Oga Alhaji, ni kuma Sarkin Dusa nake ce masa, don ban taɓa ganin girarsa babu garin katako ba. Bayan azahar aka ɗauke wuta, injin ya yi shiru, na kira shi ya zauna kusa da ni a kan benci. Na jingina wayar da wani guntun tubaifo, katakon nan mai inci biyu da huɗu.

"Oga Alhaji, yau fim za mu kalla? In kira masu gyaɗa?"

"Ɓarawo nake nema. Yana cikin biyar ɗin nan."

Na duba takarda. Na farko minti goma sha huɗu ne, akwai lokaci kafin la'asar. Na danna.

Wani saurayi ne ya fito, kwat ɗinsa ta matse shi kamar aro ya yi, da wani siririn abu a gefen bakinsa. Ya gaida jama'a, na amsa masa. Mwadkon ya fashe da dariya.

"Ba ya jinka fa."

"Ni na ji shi."

Saurayin ya kama kai da komowa yana yarfa hannu. Bai yi minti biyu ba Mwadkon ya miƙo yatsa zai tsayar da shi don ya fassara mini. Na buge hannun.

"Mutum na magana."

"Haba Oga, ai tsayawa zai yi, in na sake dannawa ya ci gaba daga inda yake."

"Da bakinsa a buɗe za ka bar shi? Ka bari ya gama tukuna."

Wannan ba taurin kai ba ne, tarbiyya ce. A rumfar nan mahaifina ba ya yarda a katse mai magana. Ko dillali ne yana zuba ƙarya, sai ya kai aya tukuna a ce masa ƙarya yake yi. Na taɓa shan mari a gaban mutane don na tsoma baki wani direba yana tsakiyar labari. Tun daga ranar, in mutum ya fara magana a gabana, to sai ya dire. Ban ga dalilin da zai sa dokar ta canza don mutumin yana cikin waya ba.

Haka na zauna minti goma sha huɗu ina kallon bakin da rabin abin da yake faɗa ba na ji. Amma akwai abin da ido yake karantawa. Na lura duk inda ya ɗaga murya sai ya dubi jama'a ya jira tafi. Da ya gama na juya ga Mwadkon.

"To, me ya ce?"

"Ya ce ka yarda da kanka, ka tashi da asuba, ka bi abin da zuciyarka take so."

"Sai me?"

"Shi ke nan."

"Minti goma sha huɗu?"

"Ya juya ta ne ta ko'ina."

Irin wannan ɗanyen katako ne da aka shafa wa fenti. Na so in ɗora masa laifin, amma na san Abba ba wawa ba ne. Wanda yake tashi sallar asuba tun yana yaro ba zai sayi jaka don an ce masa ya tashi da asuba ba.

Na biyu muka kalla bayan la'asar. Wata mace ce mai suna Onyinyechi, aka riƙo hannunta aka kawo ta tsakiyar dandamali. Makauniya ce. Aka ajiye keken ɗinki a gabanta, ta juya shi sau uku tana karkata kai, ta ce wani abu, jama'a suka yi dariya. Sai ta lalubo sukuddireba, ta ɗaure wani ƙaramin noti a ƙasa, ta sake juyawa. Ko ni da ba tela ba na ji muryar keken ta canza. Bayan ta gama Mwadkon ya ce tana da shekara goma sha tara idonta ya tafi, ta yi shekara biyu a ɗaki ba ta fita, kuma keken ɗinkin maƙwabciyarta ne da yake ƙara ba daidai ba ya hana ta sakat har ta tashi ta je ta gyara shi. Yanzu mutum ashirin ne suka koya a hannunta.

Wannan na gane ta tun kafin a fassara. Ni ma da ƙwanƙwasawa nake gane falankin da ya bushe. Na ce wa Mwadkon, "Wannan a kalle ta." Amma ba ita ce ɓarawon ba. Ita ba ta ce wa kowa ya bar inda yake ba.

Washegari Alhamis muka kama na uku, mai minti goma sha tara. Wani tsohon Bature ne da gajeren wando, gwiwoyinsa duk tamoji. Sai ga hoton gara a bayansa, an ƙara mata girma ta kai tunkiya.

Na ce, "Innalillahi. Wannan me ya haɗa shi da maƙiyiyata?"

Mwadkon ya karanta rubutun ƙasa. "Shekara talatin yana nazarinta."

"Gara? Da hankalinsa?"

Ni shekara arba'in ina yaƙi da ita da baƙin mai da kananzir, ban taɓa tsayawa na dube ta ba. Shi kuwa har kwanciya yake yi a ƙasa ruf da ciki. Ya nuna shuri an tsaga shi biyu, ga hanyoyi a ciki hawa hawa kamar benen kasuwa. Ina ta matsowa har hancina ya kusa taɓa wayar. Yana tsakiyar nuna inda iska take shiga, kwatsam sai wata yarinya ta faɗo cikin wayar tana rawa da kwalbar lemo.

"Wace ce wannan marar kunya? Dattijo na magana!"

"Talla ce, Oga."

"Wa ya aiko ta?"

Sai da ta gama rawarta tsohon ya dawo, ya ci gaba kamar ba a yi masa komai ba. Na jinjina masa.

Ana cikin haka wani kafinta ya shigo neman katakon tubaitu. Na amsa sallamarsa, na nuna masa benci da hannu. Ya tsaya, ya duba agogo, ya zauna. Bayan minti biyar shi ma ya matso. Da aka gama shi ya fara tambaya, wai da gaske ne gara ba ta son haske da iska mai kaɗawa? Mwadkon ya ce haka tsohon ya faɗa, ya kuma ce akwai irinta fiye da dubu, kuma yawancinsu ba ruwansu da katakon mutane, ƙasa suke gyarawa. A ranar na sa aka ɗaga tarin katakona na afara aka ƙara masa bulo a ƙasa, aka buɗe tsakani don iska ta ratsa. Duk wanda yake da katako ko rufin gida, ya nemi tsohon nan ya kalla.

Na huɗu da Hausa ne, kuma ba zan ɓata takarda a kansa ba. Wani ne yana ihu, ana kaɗa masa kiɗa a baya. Na saurare shi har ƙarshe, na tashi da ciwon kai.

Saura ɗaya. Jumma'a bayan an sauko daga masallaci hadari ya haɗo ta gabas, ruwa ya fara dukan kwano. Wuta ta tafi. Muka matsa can cikin sito inda ƙarar ruwan ta yi sauƙi, na danna na biyar.

Wani baƙin mutum ne mai kauri, da riga 'yar shara, ya shigo yana rungume da abu biyu nannaɗe a buhu. Hausarsa irin ta mutanen Taraba ce. Ya ce sunansa Livinus, ya yi shekara ashirin da biyu yana tuƙa tirelar gungume. Na gyara zama. Ya ce lokacin da ya fara, in ya sauka daga kwalta ya yi tafiyar awa uku ya isa inda ake lodi. Shekarar da ya bari, kwana biyu yake yi cikin daji. Ya ce a da gungume uku ke cika masa mota, lodinsa na ƙarshe arba'in ya ƙirga.

Sai ya buɗe buhun farko. Yankin gindin itace ne, faɗinsa ya kai tayar mota. Ya buɗe na biyu, bai fi murfin kwanon sha ba. Ya ajiye su gefe da gefe ya ja da baya. Jama'a suka zuba musu ido.

Ba sai an fassara mini wannan ba. Shekara nawa ke nan ina faɗa da masu kawo kaya a kan falanki mai fari fari a gefe, alamar itacen da bai ƙosa ba, ina cewa sun lalace, sun daina tsoron Allah? Ban taɓa tambayar kaina ko dajin ne ya ƙare ba.

Ina cikin wannan na ji motsi a bakin ƙofa. Abba ne, rigarsa a jiƙe, da tarin makullan sito a hannu. Ya ga abin da nake kallo, ya ga bakin mutumin yana motsi, sai ya tsaya cik a inda yake. Ya san doka. Livinus ya ci gaba da labarin yadda ya ajiye mota ya fara shuka itatuwa, yadda gobara ta cinye masa kashi uku cikin huɗu a shekarar farko, yadda yanzu yake karɓar masu son koyo su zauna da shi shekara biyu. Ya ce, "Ban ce zan ga ranar da za a sare su ba. Amma waɗanda na kwaso ma ba ni na shuka ba." Aka yi tafi. Minti tara Abba ya yi a tsaye ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannunsa.

Da wayar ta yi shiru ya durƙusa ya gaishe ni, ya gaida Mwadkon. Ya ce, "Baba, dama ina so in..."

Na ce, "Ajiye makullan ka tafi."

Ya ajiye su a kan benci a hankali. Ya fita cikin ruwan.

Na juya ga Mwadkon, zuciyata tana tafasa. "Ga ɓarawon nan. Direba ne ma."

Yana ta ƙirga wani abu da yatsunsa.

"Me kake ƙirgawa?"

"Baturen gara, minti goma sha tara. Mai matsattsiyar kwat, goma sha huɗu. Mai ihu, goma sha ɗaya. 'Yar lemo ma ta gama rawarta." Ya ɗaga yatsu. "Sharafa, kalma biyar."

"Wannan daban. Ɗana ne."

"To."

"Ɗa ba ya tsayawa gaban ubansa yana zuba jawabi. Ni a zamaninmu, in uba ya ce..."

A daidai nan aka dawo da wuta. Mwadkon ya miƙe, ya taka zuwa injinsa, ya danna makunni. Zarto ya ɗauki kuka. Bakina yana motsi ni kaina ba na jin abin da nake faɗa. Ya bar shi ya yi kamar minti ɗaya babu ko katako a kai, sannan ya kashe. Ya leƙo ta tsakanin falankai.

"Oga Alhaji, da daɗi?"

Na kira shi da sunayen da ba zan rubuta ba. Ya ce ya gode.

Ranar Asabar na yi ciniki jikina a rumfa, hankalina a wani wuri. Na dinga laluben ranar da na taɓa jin maganar Abba daga farko har ƙarshe. Na samu lissafin kaya, na samu saƙon masu saye, na samu "an gama lodi". Maganarsa ta kansa ban samu ko ɗaya ba. Ɗan fari ne, da kunya tsakaninmu, ban saba zama da shi ba, wannan gaskiya ne. Amma sai na tuna wata rana ina ɗan shekara ashirin, na tsaya gaban mahaifina a wannan rumfar na ce ina so in koyi tuƙin babbar mota. Ni ma ɗan fari ne. Yana yanke farce da reza, bai dube ni ba, amma bai ce uffan ba har na ƙare duk abin da na tanada, na maimaita wasu. Sannan ya ce a'a, ya gaya mini dalili biyu. Na yi fushi na kwana uku ya wuce. Ban sayi jaka ba.

Da yamma na ce wa uwar yara ta gaya masa ina nemansa a rumfa gobe bayan azahar. Na aika wa Mwadkon cewa in ya taso daga coci ya biyo.

Lahadi kasuwa ba hayaniya. Mwadkon ya zo da kaftaninsa na coci, girarsa a wanke, da ƙyar na gane shi. Abba ya iso ya durƙusa. Na nuna masa fili tsakanin tarin malaina da na afara.

"Tashi ka tsaya can."

Ya dubi Mwadkon, ya dube ni, ya je ya tsaya.

"Na kalli mutanenka guda biyar. Wanda ya fi daɗewa minti goma sha tara ya yi. Kai ma ga goma sha tara. Sarkin Dusa zai riƙe agogo. Ba zan ce komai ba sai sun cika."

Mwadkon ya kwance agogonsa ya ɗora a gwiwa. "Bismillah, Sharafa. Ka gaida jama'a, Oga yana amsawa."

Abba ya gyara tsayuwa. "Baba, ina so in bar rumfa in..."

Ya tsaya. Ya dube ni yana jira. Ni kuma na dubi ƙasa. Shiru ya yi tsawo har na ji tantabaru suna tafiya a kan kwano. Karin magana guda biyu suka zo mini har bakin leɓe, na haɗiye su.

Can ya ce, a hankali, "Ban taɓa wuce nan ba."

Mwadkon ya ce, "Saura goma sha bakwai."

Sai Abba ya taho wurina, na ɗauka zama zai yi. Ya ciro tef ɗin awo daga aljihu, ya roƙi mu ɗan ɗaga. Bencin da muke kai falanki ɗaya ne na maɗaci, tun na mahaifina. Ya auna faɗinsa ya nuna mini, inci ashirin da shida. Ya shiga sito ya jawo falankin da ya fi kowanne faɗi cikin kayan da aka sauke mana watan jiya, ya auna. Goma sha ɗaya. Ya jingina shi da bencin.

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ce shekara uku ke nan yana rubuta faɗin duk kayan da aka kawo, kuma bai taɓa ganin ya ƙaru ba. Ya ce in ya kai shekaruna bai san abin da zai tara a siton nan ba. Ya ce shi ya nemi lambar Livinus ya kira shi, mutumin ya yi masa tambayoyi na awa guda kafin ya ce ya zo. Shekara biyu zai yi yana koyon reno da dashe. In ya dawo, yana so in ba shi gonar kakansa da take kan hanyar Zariya, wadda ba a nome ta ba tun rasuwarsa. Zai fara da malaina da itacen turare don suna saurin tashi, ya sa maɗaci a tsakani don 'ya'yansa. Rumfa kuwa, ƙaninsa Musaddiq ya fi shi iya ciniki, kowa ya sani, ni ne kawai ban yarda in gani ba.

A nan na buɗe baki. Mwadkon ya ɗaga mini agogo. Na rufe.

Ya yi ta bayani, wani wuri yana inda inda, wani wuri yana sauri kamar ana korarsa. Bai iya yarfa hannu ba. Bai jira tafi ba. Sannan ya ce, "Shi ke nan, Baba."

Mwadkon ya ce, "Saura shida, Oga."

Na ce, "Nasa ne. Ya yi magana ko ya yi shiru."

Muka zauna. Minti ɗaya ya wuce, biyu suka wuce. Yana tsaye yana naɗe tef yana warwarewa. Sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Sau uku na zo, sau ɗaya na turo Kawu. Ban taɓa sanin ko tafiyar ake ce wa a'a ba, ko maganar. Shi ya sa na sayi jakar. Yanzu an ji ni. In aka ce a'a, gobe zan mayar da ita."

Da agogo ya cika Mwadkon ya tafa hannu shi kaɗai, tantabaru suka tashi.

Yanzu fa magana ta dawo kaina, kuma Abba ya ba ni wuƙa da nama. In na ce a'a zai zauna, na ga haka a fuskarsa. Na dubi falankin nan mai inci goma sha ɗaya jingine da bencin mahaifina.

Na ce, "Tambaya uku. Wa zai ba su ruwa da rani?"

Ya ce akwai rafi a ƙasan gonar, kuma a farkon damina ake dashe don su kama kafin ruwa ya ɗauke.

"Shanu fa?"

Ya ce shinge, da kuma zama da makiyayan wurin tun kafin ya sa ko tsiro ɗaya.

"Gonar nan shuri bakwai ne a cikinta, na ƙirga su da kaina. Wace irin gara ce a ciki, mai cin saiwa ko mai gyaran ƙasa?"

Ya ce, "Ban sani ba, Baba."

"Kai ka turo wa ƙanwarka Baturen, ba ka kalle shi har ƙarshe ba?"

"Na tsallake wasu wurare."

Mwadkon ya kwanta a kan benci don dariya, da kaftanin cocinsa.

Na ce, "To ka je ka koyo. Kada ka dawo mini ba ka san wannan ba." Na miƙa masa hannu ya matso ya durƙusa, na ɗora shi a kansa. Rabon da in taɓa kan nan tun ana yi masa aski a zaure. "Allah ya yi maka albarka. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya."

Har yau ban ce dabararsa ba ta da rami ba. Itace ba masara ba ne, kuma ni shekarata sittin da takwas. Musaddiq ma ya iya ciniki, amma yana da saurin sallamawa. Litinin ɗin dai ni na ɗauki jakar na sa a bayan mota a tasha, tana da nauyi kamar duwatsu ya zuba.

Bayan sati shida Ummusalma ta biyo ta kasuwa ta ce Yaya ya turo saƙon bidiyo a wayata. Ta buɗe mini ta wuce. Na duba ƙasa, sakan hamsin kacal. Na jingina wayar da guntun tubaifo na danna. Ga layuka na baƙaƙen ledoji, kowace da ɗan tsiro mai ganye biyu, ga hannunsa duk laka yana nunawa, ya yi baƙi ya rame. Ya yi sallama, na amsa. Ya fara bayanin wani shuri da suka tona jiya.

Mwadkon ya leƙo daga wurin injinsa. "Oga Alhaji, ga mai saye yana jira."

Na ɗaga masa hannu. "Mutum na magana."